Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa Kan Lafiyar Bakin Masu Cututtukan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na ma'aikacin lafiya a sashen haƙori, domin in jawo hankalinku zuwa ga wasu marasa lafiya da suke faɗawa tsakanin sassa biyu na asibitocinmu ba tare da kowa ya tare su ba. Ina nufin masu farfaɗiya, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da masu cutar karkarwa, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai, da tsofaffin da cutar mantuwa ta kama. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yana ba su magani, kuma maganin yana aiki, amma da wuya cunkoson layi ya bar shi ya ce su buɗe baki ya dubi dasashinsu. Mu kuma da muke sashen haƙori ba ma ganinsu sai ranar da kumburi ya hana su barci, sau da yawa ma ba tare da mun san irin ƙwayar da suke sha ba. Abin da nake roƙo shi ne ku ba da umarnin da zai sa waɗannan sassa biyu su riƙa magana da juna a kan majiyyaci guda, kuma mafi yawan abin da hakan ke buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu kuma suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfin arziki irin tamu. Hukumar ta kuma bayyana cewa har kashi 70 cikin ɗari na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano cutar, aka ba su maganin da ya dace. A shekarar 2022 babban taron hukumar ya amince da wani shiri na shekara goma a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda zai kai 2031, shekara guda kafin nan kuma ya zartar da ƙuduri a kan lafiyar baki. Najeriya tana cikin wannan taro. Idan har muka yi nasarar kai maganin farfaɗiya ga mutane da yawa, kamar yadda shirin yake nema, to lallai adadin masu fama da illar maganin a cikin bakinsu zai ƙaru, don haka ya kamata mu shirya tun yanzu.

Bari in fara da maganin da ya fi damuna, wato fenitoyin, wanda da yawa suka fi sani da sunan Epanutin. Tsohon magani ne da aka fara amfani da shi a 1938, kuma shekara guda bayan nan likitoci suka fara rubuta cewa yana sa dasashi ya yi kauri ya girma. Kusan rabin masu shansa na tsawon lokaci suna samun wannan matsala, kuma ta fi tsanani ga yara da matasa. Tana farawa ne a cikin watannin farko, naman da ke tsakanin haƙoran gaba ya ɗan kumbura, a hankali ya riƙa hawa kan haƙorin, har a wasu lokuta ya rufe rabinsa ko fiye. Daga nan abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin naman inda buroshi ko asuwaki ba ya isa, jini ya riƙa fita da an taɓa, baki ya soma wari, mai shi kuma ya daina gogewa saboda tsoron jinin, abin da ke ƙara wa kumburin ƙarfi.

Duk wanda ya daɗe a sashen haƙori ya ga irin budurwar da take shigowa ta rufe bakinta da gefen hijabi, ba ta amsa tambaya sai da kai, sai mahaifiyarta ce take magana a madadinta. Idan aka lallashe ta ta buɗe, sai a tarar dasashin sama ya sauko ya yi tudu-tudu, haƙoran sun zama kamar an binne su, ƴan kawunansu kawai ake gani. Idan aka tambaya ko tana shan maganinta, sau da yawa sai uwar ta sunkuyar da kai ta ce ai sun dakatar da shi, domin wata maƙwabciya ta ce shi ne ya ɓata mata baki, ga shi kuma ana maganar aurenta. Maƙwabciyar ba ta yi ƙarya ba, maganin ne ya jawo. Amma dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya dawo da faɗuwa fiye da da, kuma a gidajenmu faɗuwa tana nufin faɗawa cikin murhu, ko tafasasshen ruwa, ko bakin rijiya. Wannan yarinya ta zaɓi haɗarin ƙuna saboda kunyar baki, alhali da an wanke mata haƙora tun kafin ta fara maganin, aka koya mata yadda za ta goge su, aka kuma riƙa dubata bayan kowane wata uku, da kumburin bai kai haka ba, domin dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori ita ce take rura shi. Da kuma an ga alamar da wuri, da likitanta ya duba yiwuwar sauya mata wani maganin sannu a hankali. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ranar da aka rubuta fenitoyin ita ce ranar da ya kamata a rubuta takardar tura majiyyaci sashen haƙori.

Sauran magungunan farfaɗiya ma kowanne da nasa. Balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, yana iya rage ƙwayoyin jinin da suke tsayar da zubar jini, don haka kafin a cire wa mai shansa haƙori ya kamata a yi masa gwajin jini. Kabamazefin, wato Tegretol, yana busar da baki, kuma a wasu mutane ƙalilan yana haddasa wata muguwar ƙaiƙayi da saɓulewar fata wadda takan fara da gyambon leɓe da cikin baki, ta yadda ma'aikacin haƙori zai iya zama mutum na farko da zai ga alamar, idan har ya san abin da yake kallo. Yara kuma ana ba su magani na ruwa mai zaƙi safe da dare shekara da shekaru, sau da yawa na ƙarshe dab da barci, ba tare da an ce wa uwa ta kurkure wa yaron baki ba, sai haƙoran su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma haɗarin da yake fitowa daga ɓangarenmu, wanda ya zama dole in faɗe shi a fili. Magungunan da muka saba rubutawa bayan aikin haƙori ba duka suke jituwa da magungunan ƙwaƙwalwa ba. Flagyl, wanda kusan kowane mai kumburin haƙori ake ba shi, kuma kowane kemis yake sayar da shi ba tare da takarda ba, yana iya sa fenitoyin ya taru a jini. Eritiromaisin, da ake ba wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, yana sa kabamazefin ya taru har mutum ya riƙa tangaɗi, yana ganin abu biyu-biyu, yana jin jiri da barci. Iyali su ga haka su ɗauka cutar ce ta ƙaru, ko kuma su ce iska ce ta taɓa shi, alhali ƙwayoyi biyu ne suka haɗu a cikinsa. Idan aka tambayi majiyyaci sunan maganinsa, amsar da aka fi ji ita ce fara ce ƙarama, ko mai ja da fari ce, domin a leda aka ƙulla masa ita ba suna. Ƙaramin kati da zai riƙa yawo da shi, mai ɗauke da sunan cutarsa, da sunayen magungunansa, da ranar faɗuwarsa ta ƙarshe, zai kawar da mafi yawan wannan haɗari.

Ina kuma roƙon ku dubi abin da ake yi wa mai farfaɗiya a lokacin da ya faɗi. Har yanzu ana cusa masa cokali ko sanda a baki bisa zaton zai haɗiye harshensa, abin da ba ya faruwa, kuma mu ne muke ganin sakamakon: karyayyun haƙoran gaba, yagaggen dasashi, wani lokaci har da gocewar muƙamuƙi. Abin da ake buƙata shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta a gefe da zarar jijjigar ta lafa, a kuma garzaya asibiti idan ta wuce minti 5. Akwai kuma tsohuwar fahimtar nan cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu, wadda take sa mutane su watse su bar shi, kuma abin baƙin ciki, takan biyo wasu ma'aikata har cikin asibiti, su riƙa ɗari-ɗari da sa hannu a bakinsa, ko su ce ya je wani wuri saboda tsoron kada ya faɗi a kan kujerarsu. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa. Wanda yake shan maganinsa daidai, ya ci abinci, ya samu barci, ana yi masa aikin haƙori kamar kowa, da allurar kashe zafi irin wadda ake yi wa kowa. Abin da ma'aikaci yake buƙata shi ne horo a kan abin da zai yi idan faɗuwar ta zo, da iskar numfashi da maganin gaggawa a kusa da shi.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa babu unguwar da ba ta san ta ba. Wani babban bincike da aka gudanar a Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo ta. Wanda ya tsira daga gare ta yakan koma gida da hannu ɗaya mai aiki, da kuncin da ba ya jin abin da ke cikinsa, da maƙogwaron da ba ya haɗiya daidai. Idan ka duba bakinsa za ka iya samun lomar tuwon jiya tana nan a lungun kuncin da ya shanye, bai san da ita ba, masu jinyarsa ma ba su sani ba, domin an koya musu juya shi da wanke shi, amma ba wanda ya ce musu su duba bakin. Ƙwayoyin cutar da suke taruwa a wannan wuri su ne suke bin yawu su gangara huhu idan ya ƙware, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da suke kashe waɗannan majinyata a makonnin farko. Saboda haka goge bakin wanda yake kwance a ɗakin jinya magani ne, ya kamata a rubuta shi a takardar aikin ma'aikatan jinya kamar yadda ake rubuta awon jini da zafin jiki, a kuma nuna wa ƴaƴansa ko matarsa yadda ake yi kafin a sallame shi.

Da yawa daga cikin waɗannan majinyata suna shan maganin tsinka jini, ko asfirin, ko kulofidogirel, ko wafarin, kuma a nan kuskure iri biyu ake yi. Wani ma'aikacin yakan ce a daina shan maganin na wasu kwanaki kafin a cire haƙori, alhali zubar jinin ramin haƙori ana iya tsayar da shi da auduga da ɗinki, shanyewa ta biyu kuwa ba a iya mayar da ita. Ƙa'idar da likitocin haƙori na Birtaniya suke bi ita ce kada a dakatar da asfirin, mai shan wafarin kuma a auna jininsa dab da ranar aikin, a ci gaba da aiki idan sakamakon gwajin INR, wato awon yadda jini yake jinkirin daskarewa, bai kai 4 ba. Kuskure na biyu shi ne a cire haƙorin ba tare da an tambaya ba, sannan a bi shi da ibufurofen ko dikulofenak, waɗanda suke ƙara zubar jini, maimakon farasitamol. Wannan ya fi faruwa a hannun masu cire haƙori na kasuwa, waɗanda talaka yake zuwa wurinsu saboda su ne kusa da shi. Ya kamata in ƙara da cewa nifedifin da amlodifin, da ake ba masu hawan jini, su ma suna iya kumbura dasashi kamar fenitoyin, don haka matsalar da na bayyana a sama ba ta masu farfaɗiya kaɗai ba ce.

Akwai wata cutar da ba a cika jin labarinta ba, amma ta raba mutane da lafiyayyun haƙoransu, wato ciwon babbar jijiyar da take kai ji ga fuska. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma ta fi yawa a mata. Masu ita suna kwatanta zafin da jan wutar lantarki, ya fizgi ɓarin fuska ɗaya na ƴan daƙiƙoƙi ya saki, sannan ya dawo. Abin da yake tayar da shi ƙarami ne ƙwarai, kamar tauna, ko magana, ko iskar hunturu, ko wanke fuska a alwala, har za ka ga dattijuwa tana shafa ruwa a ɓari guda tana tsallake ɗayan cikin fargaba. Da yake zafin yana sauka ne a muƙamuƙi, sai ta nuna haƙori ta ce shi ne, a cire, zafin bai tafi ba, ta nuna na kusa da shi, shi ma a cire, har ɓarin bakin ya zama wayam ciwon yana nan. Maganinta na farko shi ne kabamazefin ɗin nan na farfaɗiya, kuma da yawa suna samun sauƙi cikin ƴan kwanaki. Duk wanda aka ba izinin riƙe abin cire haƙori a jihohinku ya kamata ya san cewa idan haƙori lafiyayye ne a ido da kuma a hoto, zafin kuma irin wannan ne, to likita ake nema.

Masu cutar karkarwa, wadda likitoci suke kira cutar Fakinson, hannunsu ba ya tsayuwa balle ya yi gugar da ta dace, yawu yana dalala saboda haɗiya ta ragu, wasu magungunansu kuma suna busar da baki. An fi samun sauƙin yi musu aiki kamar awa guda bayan sun sha maganinsu mai suna libodofa, a gajeren zama, a kuma ɗaga kujera a hankali domin jininsu yakan sauka idan suka miƙe da sauri. Buroshin da aka naɗe mariƙinsa da tsumma ko roba har ya yi kauri yana taimaka musu, su da masu shanyewar hannu. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni saboda doguwar naƙuda, ko shawara, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, suna cizon haƙora, suna cin abinci mai laushi da zaƙi, kuma ba sa iya cewa ga inda yake ciwo. Haka tsoho mai cutar mantuwa: idan ya ƙi abinci ko ya riƙa faɗa, sai a ce rikicin tsufa ne, ba wanda ya yi tunanin ruɓaɓɓen turmi ne yake cinsa.

Ranku ya daɗe, na san likitocin haƙori kaɗan ne a Arewa, kuma mafi yawansu suna manyan birane, duk da ƙoƙarin da tsangayoyin koyar da aikin haƙori na Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suke yi. Likitocin jijiyoyi sun ma fi su ƙaranci. Saboda haka nauyin zai koma ne kan ma'aikatan haƙori masu matsakaicin horo, da ma'aikatan jinya, da ma'aikatan lafiya na matakin farko da kwalejojin jihohinku suke yayewa, kuma waɗannan duk a ƙarƙashin ikonku suke. Kuna iya sa a shigar da wannan darasi cikin horon da ake ba su, a taƙaice kuma a aikace. Kuna iya umartar duk asibitin da yake duba masu farfaɗiya ko shanyewar jiki ya riƙa tura sabon majiyyaci sashen haƙori a cikin watan farko, ya kuma ba shi katin magungunansa, masu ba da magani kuma su daina miƙa ƙwaya a leda ba suna. Da yake masu farfaɗiya da yawa a asibitocin ƙwaƙwalwa suke karɓar magani, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, zai yi kyau ku nemi haɗin kan shugabanninsu domin ma'aikacin haƙori ya riƙa zuwa ranar da suke taruwa, ko da sau ɗaya ne a wata, ya same su a inda suke.

Maganar kuɗi ma ba za a tsallake ta ba. Iyalin da suke sayen maganin farfaɗiya kowane wata ba za su biya kuɗin wankin haƙori sau uku ko huɗu a shekara ba, komai yawan nasihar da za a yi musu. Ina roƙon ku sa hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinku su ɗauki wankin haƙori da duba dasashi ga masu shan waɗannan magunguna a matsayin wani ɓangare na jinyar cutar kanta, domin illar magani ce, kuma wankin ya fi aikin yanke dasashi arha nesa ba kusa ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika, wasu jihohinku ma sun yi tasu dokar. Ku aika a duba sassan haƙori na asibitocinku, a gani ko keken marasa lafiya yana iya shiga ƙofarsu, ko kuwa sai an ciccibi dattijo an hau da shi matakala. Gidajen rediyon jihohi kuma suna hannun gwamnatocinku, kuma babu abin da ya kai su isa karkara. Ku nemi a riƙa sanar da jama'a da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunanmu cewa kada a sa wa mai farfaɗiya komai a baki, kada a dakatar da maganinsa saboda dasashi ya kumbura sai an koma wurin likita, kuma duk mai shan maganin tsinka jini ya faɗa kafin a taɓa haƙorinsa.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin lafiya a sashen haƙori